Amsa: me ya sa masu koyon tuƙin jirgin sama suka fi yin haɗari wajen sauka?

Malam, ka tambaya ko ƙananan jiragen koyo ne ba su da ƙwari shi ya sa ake yawan jin sun lalace wajen sauka. Gaskiya ba laifin jirgin ba ne, Cessna 172, ƙaramin jirgin da ake koyo da shi, tun 1956 ake ƙera shi kuma yana jure duka sosai. Yawanci gudu ne matsalar, ɗalibi ya shigo da gudun da ya wuce not 65 ɗin da ake so (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), jirgi ya ƙi zama yana ta shawagi saman titin sauka, shi kuma ya ƙosa ya danna hancin ƙasa, tayar gaba ta fara taɓawa, jirgi ya yi tsalle ya dawo ya sake tsalle, kowanne ya fi na baya muni har ƙafar gaba ta karye farfela ta daki kwalta. Maganinsa tun tsallen farko ka ba shi wuta gaba ɗaya ka tashi ka sake zagayowa, amma kunya ke hana ɗalibai, wai kar malami ya ce sun kasa.

Iskar gefe ma tana fitar da mutum daga titi. Irin waɗannan dai galibi ƙarfe ke lalacewa. Wanda ke kisa shi ne gudu ya yi ƙasa sosai a kwanar ƙarshe kafin a fuskanci titin sauka, fiffike ya daina ɗaukar jirgin alhali ƙasa ta yi kusa.