Ka fara da sauraro, bakinka zai buɗe

Ɗan'uwa, ka ce abin da ya same ka yana ci maka rai, amma da ka buɗe baki sai ka rasa ta inda za ka fara, kana tambaya ko jin labarin wasu zai taimaka. Zai taimaka ƙwarai.

Sau da yawa mutum yana da abin faɗa, kunya ce ke danne shi, don yana zaton shi kaɗai ne ya taɓa jin haka. Sai ka ji wata tana cewa ta daɗe tana fushi da mahaifinta saboda ya rasu ya bar ta, gabanka ya faɗi, domin kai ma abin da kake ɓoyewa ke nan. Daga ranar nauyin faɗar ya ragu.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935 don masu son barin giya, a kan wannan ta ginu: sabon shiga yana iya zama shiru yana jin na gaba da shi, ba a tilasta masa magana sai ya shirya.

Amma akwai sauraron da ba ya ƙara komai, wato wanda kana ji kana shirya naka a zuci. Bar wannan. Lura da inda mai labarin ya fara, galibi ba daga haihuwarsa ba ne, daga ranar da al'amura suka juya ne. Lura da abin da ya tsallake, da inda muryarsa ta canza, da inda hankalinka ya fara tafiya wani wuri. Sannan ka nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka ba shi labarin rana guda tak.