Gem ɗin sketbod na yara: amsoshin wasiƙunku

Wata uwa daga Agege ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 7 ya hana ta sakat sai ta sayo masa gem ɗin nan da ake hawa katako mai taya ana tsalle-tsalle, ita kuma tsoro take ji kar ya ɓata masa tarbiyya.

Hajiya kwantar da hankalinki, cikin gem ɗin da yara ke bugawa wannan yana daga masu sauƙi, ba bindiga ba yanka, tsalle ne da juyi sai faɗuwa. Shekaru kawai za ki duba a jikin kwalin. Wanda ya fi suna, Tony Hawk's Pro Skater 1+2 da aka sabunta a 2020, alamar PEGI 12 ce a jikinsa, wato na 'yan shekara 12 zuwa sama ne, ba na ɗan shekara 7 ba. Ki fara masa da na waya, irin Subway Surfers da ya fito tun 2012, kyauta ne. Amma don Allah ki shiga Play Store ki sa sai da lambar sirri kafin a sayi komai, in ba haka ba yaro zai ta danna sayen tsabar gem da katinki sai dai ki ga alat.

Wani magidanci daga Idi-Araba ya ce an yi masa tayin na'urar buga gem ta PS4 a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, da araha sosai, wai an loda gem fal a ciki har da na sketbod, ya saya?

Malam, wa ya yi maka tayin? In yaran nan ne da ke tare mutum a bakin titi tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja suna jan hannunka, to ka riƙe kuɗinka. Na gaji da maimaita wannan magana wallahi. Mutanenmu sai su yi wata guda suna tara kuɗi, su je su miƙa wa wanda ko shago ba shi da shi saboda ya rage musu dubu biyar, bayan kwana kaɗan abu ya mutu a koma nemansa a rasa. Wanda aka ce an loda masa gem yawanci an fasa manhajarsa ne, ranar da yaronka ya jona intanet ya danna sabuntawa shikenan gem ɗin sun daina buɗewa. Ga jabun hannun gem da ya cika kasuwa daga Ikeja har Alaba, ka ɗaga shi ka ji shakwaf ba nauyi, madannan suna ƙwas-ƙwas, caji ba ya riƙewa. Tokunbo ba laifi ba ne, amma ka shiga shago na gaske, a jona a talabijin a gabanka, ka zauna ka buga kamar minti 20 kana sauraron fankar, in tana ihu kamar ƙaramin janareta ka tashi. Ka juya bayansa ka ga ko an ɓare sitikar da ke kan noti. Ka karɓi rasit mai sunan shago. Kuma kar ka kashe kuɗin duka ka manta da sitabilaiza, ka san halin wutar Legas.

Wani saurayi daga Mile 12 yana tambaya wai tunda ya ƙware a gem, zai iya sayen sketbod ya riƙa bin titi da shi?

Wane titin, Ikorodu Road tsakanin danfo da BRT? Yatsa ne ya ƙware ba ƙafa ba. Ka je filin wasa na ƙasa a Surulere inda masu yi ke taruwa, ka fara sayen hular kwano kafin katakon.