Layi ɗaya a tsakiyar allo: kwalbar ba ta mutu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan gem a Fagge, a ciki akwai tsohuwar na'ura mai akwati, mai kwalbar talabijin inci 25. Da farko hoton ya riƙa tsukewa, in an ɗan bugi gefen akwatin sai ya dawo. Yanzu ba abin da ake gani sai layi ɗaya mai haske kwance a tsakiya, amma sauti na fita. Wani ya ce kwalbar ce ta mutu. In jefar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jefar. Kwalbar da ta mutu ba ta ba da haske. Wannan layin shaida ne cewa fulaibak, wato taransifomar da ke ba kwalba wuta mai ƙarfi, na aiki, ɓangaren da ke baza hoto sama da ƙasa ne ya tsaya. Amma ka daina kunna ta haka, don hasken da ya taru wuri guda zai ƙona allon, kuma wannan tabon ba ya goguwa.

Kafin a taɓa komai, a cire filogi, a sauke wutar da ke maƙale cikin kwalba. Tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma tana riƙe caji ko an kashe ta. A ɗaura waya a jikin sukudireba mai hannun roba, ɗaya bakin a maƙala shi a ƙarfen firam, a zura kan sukudireban ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi da ke bayan kwalba har ya taɓa ƙarfen ciki. Hannu ɗaya kawai, ɗayan a bayanka. A jira minti biyar a sake. Babbar kafasitar da ke wajen shigar wuta, wato 'yar gwangwanin nan mai adana caji, ita ma a sauke ta. In ba ka taɓa yi ba, don Allah nemo mai gyaran talabijin.

Dawowar hoto in an bugi akwati ita ce babbar alama: dalma ce ta tsage. Juya bod ɗin, duba ƙafafun IC ɗin, wato baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa, da ke manne da ƙarfen sanyaya kusa da filogin yok, wato naɗin wayar da ke wuyan kwalba mai baza hoto. Za ka ga siririn zobe kewaye da ƙafar. Narkar da tsohuwar dalmar, sa sabuwa, har da ta filogin yok ɗin.

Sai kafasitocin da ke kewaye da IC ɗin. Zafin bazarar Kano na kai digiri 40, cikin rufaffen akwati kuwa ya fi haka, sai ruwan cikinsu ya bushe ko da ba su kumbura ba. Canza su duka da masu jure digiri 105, kada ka karɓi na 85. Lambar maikurofarad, wato ma'aunin girman kafasita da ke rubuce a jikinta, ta zo daidai da ta tsohuwar, bolt ɗin zai iya fin nata amma kada ya gaza, a kuma kula da ƙafar ragi da ta ƙari. In layin bai buɗe ba, auna ƙaramar resistar (mai rage ƙarfin wuta) da ke kai wa IC ɗin wuta, takan tsinke idan ya ƙone, sai a canza su tare. Za ka samu kayan a Sabon Gari wajen masu kayan talabijin, tafi da tsofaffin a hannu.

Da yawa daga cikin waɗannan allunan da bolt 110 zuwa 120 suke aiki, ta taransifomar da ke ƙasan akwati. Kada a tsallake ta a jona wa allon wutar bolt 230 kai tsaye wajen gwaji.

Tambaya: Tawa tana aiki, sai dai gefe guda ya koma shunayya da kore. Daga Gwammaja.

Amsa: Maganaɗisu ne ya kama kwalbar, galibi daga sifika da aka jingina kusa. Matsar da ita, kashe na'urar rabin awa ta huce, sannan ka kunna. In launin bai gyaru ba bayan sau biyu ko uku, duba filogin wayar da ta kewaye bayan kwalba, wadda ke cire maganaɗisun idan an kunna, da 'yar fosistar da ke ba ta wuta, wato resistar da ke rage wutar in ta yi zafi, fosistar ce takan lalace.