An ƙwace WhatsApp ɗin admin ɗinmu, guruf ya rikice: me zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne na buɗe wani guruf na WhatsApp na masu gyaran waya da matasa masu sha'awar harkar kwamfuta, yawancinmu 'yan Farm Centre ne a Kano amma akwai 'yan Kaduna da Zariya har da Maraɗi, mun haura mutum 700. Satin da ya wuce aka ƙwace lambar ɗaya daga cikin admin ɗinmu, ɓarawon ya cire sauran admin ɗin, ya dinga bin mutane ta bayan fage yana cewa matarsa tana asibiti a ranta masa kuɗi, kuma wasu sun tura. Yanzu wasu na cewa akwai ɗan kutse a cikinmu da ke da manhajar shiga wayar mutane, wasu na cewa mu koma Telegram, wani kuma ya kawo lambar wani ɗan TikTok da ya ce zai dawo da akawun ɗin in an biya shi. Wallahi ko barci ba na iya yi don sunana ne a kai. Ta ya zan gyara, kuma ta ya zan tsara guruf ɗin kar a maimaita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya mayar wa waɗanda aka cuta da alheri, kai kuma ka kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa.

Tun da ku masu gyaran waya ne ba sai na tsaya bayanin mene ne OTP, wato lambobin tabbatarwa da ake turo wa mai layi, ba. Abin da zan fara da shi shi ne maganar nan ta "akwai ɗan kutse a cikinmu", domin ita ce ta fi damuna a duk tambayar taka, kuma ita nake ji kullum daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi kowa sani. Ku daina. Ka je ka zauna da admin ɗin nan ku biyu kawai, ba a gaban jama'a ba, ka tambaye shi ranar da abin ya faru wa ya kira shi. Kusan kullum labarin ɗaya ne. Wani ya kira da sallama mai kyau, ya ambaci sunansa, ya ambaci sunan guruf, ya ce an shirya taron Zoom da ƙarfe takwas na dare ko ana rijistar wani tallafi, yanzu za ka ga wasu lambobi 6 sun shigo maka, karanto min in saka ka a jerin mahalarta. Shi kuma yana tsakiyar ɗaga sikirin ɗin wayar kwastoma, wayarsa maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ya leƙa ya karanto. Shi ke nan. Kafin ya ɗaure sukurun ƙarshe WhatsApp ɗinsa ya fita daga wayarsa ya koma ta wani. Saƙon da ya zo da lambobin nan a jikinsa an rubuta kar ka ba wa kowa, amma wa ke karantawa?

Ɓarawon bai fasa komai ba. Tun 2016 WhatsApp ya rufe saƙonni ta yadda daga mai turawa sai mai karɓa ke iya gani, kuma yaron da ke neman dubu ashirin ɗin "asibiti" ba shi da abin da zai karya wannan. Abin da ya yi kawai shi ne ya saka lambar admin ɗinku a sabuwar waya kamar yadda kowa ke yi in ya canza waya, WhatsApp ya tura lambar tabbatarwa, mai layin ya miƙa da bakinsa. Kamar ka yi katanga ka sa waya mai ƙaya a kai, sannan baƙo ya yi sallama ka miƙa masa mukulli ta ƙasan ƙofa.

Akwai wata hanyar kuma da ta fi wannan wayo, ya kamata ku santa. Za a ce maka danna wasu lambobi masu farawa da **21* sai lambar waya sai #, wai don ka samu kyautar data ko a gyara maka netwok. Abin da ka yi shi ne ka karkatar da duk kiran da ke shigo maka zuwa layin ɓarawo. Sai ya ce WhatsApp ya kira shi ya faɗa masa lambar maimakon saƙo, kiran kuma ya tafi wajensa kai tsaye. Duk wanda yake zargin an yi masa haka ya danna ##002# ya kira, zai soke duk wata karkatarwa. Sai hanya ta uku, wani ya ari wayarka minti biyu a shago ya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa, wannan kuma ku da kuke karɓar wayoyin mutane kullum kun fi ni sanin sauƙinsa. Kowa ya shiga wajen na'urorin da aka haɗa ya duba, in ya ga wadda bai sani ba ya fitar da ita.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, in kuka yarda cewa wani gwani ne ya yi kutse da manhaja, abu uku za su biyo baya kuma duk sharri ne. Za ku fara zargin juna, a ce ai wane ya iya fulashin (sake ɗora wa waya manhaja) da cire FRP (makullin akawun ɗin Google) to shi ne, a ɓata sunan yaron da bai ji ba bai gani ba a kasuwar da suna shi ne jari. Sannan kowa zai ce to ai ba yadda zan yi, tunda gwanaye ne, alhali abin da zai hana shi ko minti ɗaya bai kai ba. Sannan kuma shi ne ke kai mutum hannun 'yan damfara kashi na biyu, irin ɗan TikTok ɗin da aka kawo muku lambarsa. Don Allah kar ku tura masa ko sisi. Ba wani mahaluƙi a TikTok ko Facebook da ke da ƙofar baya a kamfanin Meta mai WhatsApp. Zai ce a tura kuɗin "tul", wato manhajar da zai yi aikin da ita, in an tura ya ce saura kuɗin "saba", wato babbar kwamfutar intanet, daga nan ya yi bulok ɗinku, wani ma lambobin nan 6 zai sake nema ya ƙara ƙwace wani akawun ɗin. Abin takaici masu tallata irin waɗannan mutanen wani lokaci masu gyaran waya ne da kansu, suna karɓar kamasho. Wannan cin amana ne, kuma duk wanda ya saka irin wannan talla a guruf ɗinka ka cire shi a ranar ba sai an yi shawara ba.

Dawo da akawun kyauta ne. In dai layin yana hannun mai shi, ya buɗe WhatsApp na asali ya saka lambarsa, lambobi 6 za su shigo, yana sakawa an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya saka nasa PIN na mataki na biyu, wato lambar sirrin da WhatsApp ke nema bayan lambobin tabbatarwa, to sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da PIN ɗin ba, amma ko a cikin kwanakin nan shi ɓarawon yana waje. Haƙuri kawai ake yi. In kuma layin ne ya daina aiki gaba ɗaya to wannan maganar walkam bak ce, wato an ɗauke layin zuwa wani sim, ya tafi ofishin kamfanin layin da NIN ɗinsa yau ba gobe ba, ya kuma kira bankinsa, domin wanda ya riƙe layinka ya riƙe alat ɗinka. Tsofaffin hirarraki ɓarawon bai gansu ba, suna kan wayar mai shi, abin da ya samu shi ne guruf-guruf da lambobin mutanen ciki, kuma su yake bi yanzu ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ka sa rai za a kira wasu daga cikinku da labarin taron Zoom a 'yan kwanakin nan.

Waɗanda suka tura kuɗi su kira bankinsu da gaggawa da shaidar transfa da lambar akawun ɗin da aka tura wa. Sau da yawa za a ce sai takardar 'yan sanda ko umarnin kotu kafin a taɓa akawun ɗin ɓarawo, a yi ta aika ka daga wannan tebur zuwa wancan alhali kuɗin tuni an cire su a POS, abin yana ci min rai matuƙa. Duk da haka a kai rahoto, dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 ta shafi wannan, kuma 'yan sanda suna da cibiyar laifukan intanet, ga EFCC.

Yanzu guruf ɗin. Kai da ka ƙirƙire shi ba wanda ya isa ya cire ka daga admin, shi ya sa har yanzu yake hannunka, to ka yi amfani da wannan. Ka cire lambar da aka ƙwace har sai mai ita ya zo gabanka ko kun yi kiran bidiyo. Ka sake sabon linkin gayyata don tsohon ya mutu, ka kunna amincewar admin kafin kowa ya shigo, ka bi jerin mutane ka fitar da duk lambar da aka saka a kwanakin rikicin da ba wanda ya san mai ita. Ka rufe guruf na kwana ɗaya ya zama admin kaɗai ke magana, ka yi saƙon murya da Hausa ka faɗi abin da ya faru ba tare da kunyata kowa ba, don mutanenmu sun fi sauraron murya fiye da dogon rubutu.

Admin kar su wuce uku ko huɗu. Na san ana ba da admin don girmamawa, a ce ai Alhaji wane uban gidanmu ne ko shugaban layi ne, amma kowane admin ƙofa ce, a girmama Alhaji ta wata hanyar. Sharaɗin zama admin shi ne ka ga PIN na mataki na biyu a kunne a wayarsa da idonka, da imel a haɗe, abin nan yana nan tun 2017 kuma da admin ɗinku ya kunna shi da ko ya karanto lambobin ɓarawon ba zai wuce ba. Kuma ba mai GB WhatsApp ko WhatsApp Plus, wato WhatsApp ɗin da ba na asali ba, duk wanda ya ce maka nasa "anti-ban" ne da ba a iya rufewa ka tambaye shi wa ya rubuta manhajar, ba zai iya faɗa ba.

Dokoki kuwa kaɗan sun isa in ana bin su. Ba neman kuɗi ko gudummawa sai ta hannun admin bayan an kira mutum an ji muryarsa. Ba tura APK (fayil ɗin saka manhaja) ko fayil ɗin fulashin da ba a faɗi inda aka samo ba. Ba saka hoton katin NIN ko bayanan wayar kwastoma. Ba saƙonnin "tura wa mutum goma", irin na bidiyon Martinelli da yake ta yawo shekara da shekaru ana cewa zai lalata waya, ƙarya ce, kuma abin kunya ne a gan ta a guruf ɗin masu gyara. Admin yana iya goge saƙon kowa ga kowa, ya goge ya bi mutum ta gefe ya yi masa bayani. In talla ta yi yawa ku buɗe Community, wato tsarin WhatsApp da ke haɗa guruf-guruf ƙarƙashin inuwa ɗaya, ku raba, tambayoyin gyara daban, saye da sayarwa daban, dama guruf ɗaya ba ya wuce mutum 1024 kuma kun kusa.

Maganar komawa Telegram, in don yawan mutane ne da ajiye manyan fayiloli to yana da amfani, guruf ɗinsa yana ɗaukar har 200,000. Amma in don tsaro ne ba abin da zai canza, shi ma lambar tabbatarwa yake turawa, kuma wanda ya karanto ta WhatsApp zai karanto ta Telegram. Ka fara da admin ɗinka a daren nan, kowa ya kunna PIN ya turo maka hoton shafin da ke nuna a kunne yake, banda lambar PIN ɗin kanta.