Amsa ga ɗan baffana na Kano: abin da ya zaunar da mu a kan dutse

Ɗan'uwa, na ga saƙonka. Ka ce tunda ba wuta, ba kwalta, ba famfo, me muke jira da ba za mu tattara ya-namu-ya-namu mu dawo gida ba? Ka kuma tambaya, cikin zolaya, ko har yanzu Hausawa ne mu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Bari in ba ka amsa a tsanake.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ndu da Nkambe, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, kan tudun da ya kai wajen mita 2,000. Goro ne ya kawo kakanmu nan, irin wanda fatake suke kira ganjigaga, suna ɗaukarsa ta Banyo zuwa Yola. Ya zo fatauci, ya yi aure, ya samu fili, shi ke nan. Lokacin ƙasa ɗaya muke da ku a hannun Turawan Ingila. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961, ɓangaren arewa ya bi Nijeriya, namu ya bi Kamaru. Ka ga ba mu ne muka ƙetare iyaka ba, ita ce ta zo ta same mu a zaune. Kabarin kakanmu yana bayan masallaci, na babana yana gefensa. In ka ce gida, wane gida kake nufi?

Ba zan ɓoye maka wahala ba. Amma ba inda kake zato take ba. Ku a can da an ce ƙauye sai ku tuna yunwa da fari. Mu nan ruwan sama yana farawa tun Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Masara, wake, dankalin Turawa, gwaza, ayaba, duk sai wanda ya ƙi. Matsalarmu hanya ce. Jar ƙasa ce mai santsi kamar an shafa mata sabulu, da damina ta kankama mota sai ta yi kwanaki ba ta shigo ba. Na sha ganin dankali ya ruɓe a buhu a bakin hanya, alhali a Duwala ana nemansa ido rufe. Babur ne jakinmu, shi ne motar asibitinmu. Daren da naƙuda ta zo wa matar ƙanena da gardama, babur ma ya gagara. A kan kujera muka ɗaure ta da sandunan tukurwa, mu huɗu muna karɓa-karɓa, wani yana haska mana da tocilar waya, sai gab da asuba muka isa ƙaramin asibitin da ke ƙasan kwari. Allah ya sa an sauka lafiya. Yarinyar yanzu tana haddar izu biyar.

Sai sanyi. Kada ka kwatanta shi da hunturun Kano, wanda ke yin wata biyu ya wuce. Namu mai laima ne, yana shiga ƙashi, kuma ba shi da ranar tafiya. Hazo kan sauko da la'asar har ka kasa ganin ɗan akuyar da ke kuka a gabanka. Kowane gida akwai tukunyar ruwan alwala a kan murhu. Murhun a tsakar ɗaki yake, hayaƙin yana hawa ya busar da masarar da aka jibge a saman rufi, wurin da mutanen nan suke kira banda. Ina jin kalmar tamu ce suka ara. Ganin watan azumi kuwa, mun daɗe da sallamawa: gajimare ba ya bari, sai dai mu kasa kunne a rediyo.

To, batun ko mu Hausawa ne. Tuwonmu na masara ne, miyar kuma wani ganye ne da ake kira njama-njama. Gero ba ya yi a nan, don haka fura sai ta masara, in Fulani sun kawo nono. Yaranmu suna jin Limbum, yaren masu ƙasar, suna jin Fillanci da Turancin buroka, Hausarsu kuma in ka ji za ka riƙe baki: yaro zai ce maka "mamana ya tafi kasuwa" ko a jikinsa. Na gaji da gyarawa. Amma ranar suna ka zo ka ga wanzami, ka ga raba goro, ka ji kunyar ɗan fari. Fawa, ɗinki, tsire da ƙananan tireda har gobe a hannunmu suke.

Abin da na san zai ba ka mamaki shi ne makon masu ƙasar kwana 8 ne. Kasuwa tana ci duk bayan kwana 8, saboda haka wani lokaci ta faɗo ranar Juma'a, mu yi ciniki da safe mu rufe mu tafi masallaci. A cikin makon akwai ranar da ba a sa fartanya a ƙasa. Mu ma ba ma sawa. Wani malami da ya zo wa'azi daga wajenku ya ce wannan bin al'adar arna ne. Dattawanmu suka saurare shi da ladabi, suka ba shi masauki da abinci, amma ba wanda ya fita gona. Ƙasar nan ta Fon ce, wato sarkinsu, kuma ta hannunsa kakanninmu suka samu inda suka kafa bukka. Muna da Sarkin Hausawa, shi ke kai kukanmu fada. Ba ma shan giyarsu, ba sa tilasta mana. Ranar Sallah mukan kai wa fada gaisuwa, in an yi musu mutuwa mu je ta'aziyya. A ganina wannan ba raunin addini ba ne, zaman maƙwabtaka ne.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rikicin da ya ɓarke tun ƙarshen 2016 tsakanin gwamnati da 'yan aware. Litinin ta zama ranar zaman gida dole, makarantu da yawa sun yi shekaru a rufe, a 2017 an yanke intanet wata 3 cur. Wasu danginmu sun gudu Banyo, wasu sun haura Gembu ta Nijeriya. Ban ga laifinsu ba. Ni dai na zauna, saboda tsohuwa ta ce ba inda za ta.

In kana son gani da idonka, ka zo a Disamba, lokacin hanya ta bushe, amma ka kira ni tukuna in faɗa maka ko ta yi lafiya. Ka taho da rigar sanyi mai kauri, ba irin taku ta ado ba. Tsohuwa kuma ta ce kada ka kuskura ka zo ba kuka da daddawa.