Tambaya da Amsa: Koren hasken nan da ke kaɗawa a sama da dare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ga wani bidiyo da aka ce a ƙasar Nowe aka ɗauka, sama ta yi kore shar cikin dare tana kaɗawa kamar labule. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne? In gaskiya ne me ke kawo shi, kuma yana cutar da mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne wallahi, ba haɗi ba ne, Turawa na ce masa Aurora, kuma tun 1619 Galileo ya raɗa masa wannan suna.

Tushen abin daga rana yake. Ita rana kullum cikin feso wasu ƙananan ƙwayoyi take masu ɗauke da cajin lantarki, wani lokacin kuma sai ta yi aman su da yawa a tashi ɗaya, su keto tazarar kilomita miliyan 150 cikin kwana ɗaya zuwa uku su iso mana. To ita duniyarmu Allah ya yi mata maganaɗisu da ya kewaye ta kamar garkuwa, shi ke kautar da mafi yawansu, amma a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu layukan maganaɗisun sun lanƙwaso sun shigo ƙasa, ta nan ƙwayoyin ke samun kafa su gangaro su yi karo da iskar da ke can sama kamar kilomita 100 zuwa 300, iskar ta ɗauki ƙarfi sai ta sake shi a matsayin haske. Shi ya sa Nowe da Suwidin da Finlan da Kanada da Alaska suka fi kowa ganinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne launin kansa labari ne. Kore daga iskar oksijin yake, in ka ga ja to oksijin ɗin ne dai amma ta can sama sosai sama da kilomita 200, shuɗi da ruwan goda kuma na naitirojin ne. Kaga da ido kawai masani zai gaya maka wace iska ce ke haskawa kuma a wane nisa.

Batun cutarwa, hasken ba ya yi wa jiki komai, yana nesa ƙwarai. Guguwar ranar da ta haifar da shi, wato wancan babban aman ƙwayoyin, ita ce abin ji. A Satumban 1859 an yi wata babba har a Kuba aka ga hasken, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, a Maris ɗin 1989 kuma lardin Kwibek na Kanada ya yi awa 9 babu wuta. Ta Mayun 2024 ma ba ƙarama ba ce, har Meziko sai da aka gani, don lokacin rana na dab da ƙololuwar aman nata, wanda ke hawa da sauka duk kamar shekara 11.

Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai game da bidiyon, kyamara ta fi ido kama launi a duhu, in hasken bai yi ƙarfi ba wanda ke tsaye a wurin kamar farin gajimare mai ɗan kore-kore zai gani, sai ya duba waya ya ga kore shar.