Kwafin Sifili Ko Karɓa Ba Juyi? Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ya rubuto mini makon jiya, ya ce: "Malam, barka da ƙoƙari. Ana koya mana wata dabara ta babbar manhajar Linux, wadda kwamfuta ke karɓar bayanai daga intanet ba tare da ta sake kwafe su ba. Na so in yi wa ƙannena bayani, na fassara sunanta na Turanci, 'zero-copy', da 'kwafin sifili', ba wanda ya gane. Shi kuma kanel ɗin da ake faɗa, me za mu kira shi? Sannan karin maganar nan, 'zuwa da kai ya fi saƙo', ta dace da abin?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ƙannenka, kuma gaskiyarsu ce da ba su gane ba. Sifili a bakin Bahaushe lamba ce ta lissafi. Ba wanda zai shiga gida ya ce "tuwo sifili" alhali yana nufin ba a yi tuwo ba. In muna son mu ce an yi abu babu wani abu, ƙaramar kalmar nan "ba" ta ishe mu: shayi ba madara, tafiya ba waiwaye, ɗaukar dala ba gammo. A kan wannan ginin ya kamata sunan ya hau.

Kanel ba zai ɗauke mu lokaci ba. A Turanci asalinsa ƙwayar da ke cikin ɓawo ce, irin ta gyaɗa. Da sai mu ce ƙwaya, amma ka san abin da kunnen matasanmu ke ji yau in an ce ƙwaya. Ni na fi son "cibiya", cibiyar babbar manhaja, domin duk abin da zai shiga ko ya fita ta wurinta yake bi. Ta Linux kuwa Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991.

Kafin mu raɗa wa abu suna sai mun ga aikinsa, don haka biyo ni Tudun Hatsi. Mota ta iso daga ƙauye shaƙe da masara. 'Yan dako suka sauke buhunan a shagon dillali, aka biya su. Dillali ya duba takardar kaya, ya ga na wane ne. Mai kaya ya zo, 'yan dako suka sake sunkutar buhunan nan zuwa sitonsa, aka sake biya. Masara ɗaya, dako biyu, ga ƙura ga zufa.

Haka kwamfuta ta saba yi. Bayanai suna isowa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yawanci bai wuce bayit 1500 ba, a kansa akwai rubutun da ke nuna inda ya fito da inda za shi. Katin sadarwa shi ke zuba su da kansa a ma'adanar cibiya. Cibiya ta karanta kan, ta jera su bi da bi, sannan masarrafa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi (CPU), ta kwashe su zuwa ma'adanar manhajar da ke jiran su. Wannan dako na biyu shi ake son a kashe. A wayarka ba za ka ji nauyinsa ba. Amma a manyan rumbunan bayanai akwai katin da ke ɗaukar gigabit 100 a daƙiƙa guda, wato ƙunshi sama da miliyan 8 in kowanne 1500 ne. A nan masarrafa sai ta koma 'yar dako, aikin da aka saye ta dominsa yana jira.

To, wace kalma ce ta dako na biyun? "Kwafi" aro ne, kuma ba na ƙyamar aro. Ta zauna a bakin mutane tun daga allon makaranta har shagon fotokwafi. Sai dai muna da tamu da ta fi ta faɗi. Dubi "juya". Malamin zaure ya ari littafi ya juya, wato ya rubuta nasa daga na wani, na asali yana nan. Ka sauya wasalin ƙarshe ka ce "juye", sai ma'anar ta zama an kwashe duka daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar yadda uwargida ke juye miya daga tukunya zuwa kwano. Abin da masarrafa ke yi ya haɗa biyun: tana juya bayanan kamar malami, sannan cibiya ta saki wurin farko don wani ƙunshi ya shiga, kamar an juye. Sunan aikin duka biyun kuwa "juyi". Saboda haka na ce ka kira dabarar "karɓa ba juyi". Gwada wa ƙannenka ka gani.

Karin maganar da ka kawo kuwa, a nan na saɓa da kai. "Zuwa da kai ya fi saƙo" magana ce a kan amana da muhimmanci: ɗan aike yana iya mantuwa, ko ya rage, ko ya ƙara. Cibiya ba ta rage komai, kuma a wannan dabara ba a kore ta ba. Ita ke karanta takardar kaya har yanzu. Abin da aka ɗauke mata shi ne buhu.

Wadda ta dace ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya", kuma tarihin abin da kansa ya nuna haka. Aikawa ba juyi ta riga karɓa samuwa da nisa. Tun Linux 2.2 a 1999 ake iya tura fayil ta wannan hanya, aka faɗaɗa ta a 4.14 cikin 2017. Dalili a fili yake: mai aikawa ya san kayansa, ya san inda suke. Mai karɓa bai san yaushe mota za ta iso ba, bai san na wane ne a ciki ba sai an buɗe.

A 2018, cikin Linux 4.18, Eric Dumazet na kamfanin Google ya shigo da wata hanya: maimakon a kwashe kaya, sai a miƙa wa mai su makullin ɗakin da suke. Matsalar ita ce ma'adana a yanke take shafi-shafi, yawanci bayit 4096, kuma shafi cikakke kawai ake iya miƙawa. Abin da bai cika shafi ba sai an juye shi kamar da. A 2025 kuma, cikin Linux 6.15, David Wei da Pavel Begunkov suka kawo wata hanyar bisa tsarin io_uring, wato tsarin da manhaja ke bi ta miƙa wa cibiya buƙatun shigar da bayanai da fitar da su, wanda Jens Axboe ya ƙirƙira a 2019. A nan manhaja ce ke ware wuri a ma'adanarta tun kafin komai ya iso, ta yi masa rajista wurin cibiya. Katin sadarwa dole ya iya raba kan ƙunshi da gangar jikinsa, wato rubutun adireshi da ainihin bayanan, ya kuma iya karkatar da kayan wannan manhajar zuwa layi na musamman. Takarda ta tafi wurin dillali, buhu ya zarce sito. In manhaja ta gama, sai ta mayar da wurin don a sake zubawa. Ka ga duk fafe gora ne kafin ranar tafiya.

Ka kuma ja wa ƙannenka kunne da "garin neman ƙiba a samo rama". Shirin nan yana da nasa tsada. Ko a wajen aikawa, masu Linux sun ce ribar ba ta cika fitowa ba sai kaya sun haura kamar kilobayit 10. Mudu biyu na gero ba a ɗaukar masa hayar sito.

Wata malamar firamare daga Kumo kuma ta tambaya: "Malam, yara sun tambaye ni ko 'dako' na 'yan dako da 'dako' na 'ina dakonka' kalma ɗaya ce."

Malama, sannu da fama da yara. Kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗa su wuri ɗaya, domin ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Dako na jira ɗan'uwan "dakata" ne. Ɗaya kuwa ɗaukar kayan wani ne don a biya ka. Na ajiye wasiƙarki kusa da ta ɗalibin nan da gangan, don ki samu misalin da za ki ba su: a karɓa ba juyi manhaja tana zaune tana dakon kaya, amma ba wanda ya yi mata dakonsu sau biyu. Ki sa su faɗi jimlar da ƙarfi a aji, su saurari bakinsu, sannan ki tambaye su wanne ne wanne.